Guzurin Mako: Tarihin Tanadin Abinci a Illela da Abin da Yake Koya wa Gidajenmu

A 'yan shekarun nan wata shawara ta yaɗu a tsakanin masu kula da lafiyar iyali, cewa uwargida ta ware yini guda ta dafa abincin mako gaba ɗaya, ta rarraba shi a mazubai, ta jera a firji, kullum a ɗauki ɗaya a ɗumama. Manufar tana da kyau, domin gidan da abincinsa ke shirye ba ya faɗawa hannun soye-soyen bakin titi, kuma majinyacin da ke shan magani a kan lokaci yana samun abincinsa a kan lokaci. Sai dai shawarar an haife ta ne a ƙasashen da wutar lantarki ba ta ƙiftawa. A gari irin Illela, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wuta kuma ta zo yau ta ɗauke gobe, tukunyar miyar da aka dafa ran Lahadi tana iya zama guba kafin Talata. Abin tambaya shi ne, ta yaya mutanen wannan yanki suka yi ɗaruruwan shekaru suna shirya abincin mako, har na wata da na shekara, alhali ba su taɓa ganin firji ba? Amsar tana cikin tarihinsu, kuma akwai magani a cikinta ga gidajen yau.

Gari a bakin hanya

Illela tana arewacin birnin Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya ta hanyar Kware da Gwadabawa. Tsakaninta da Birnin Ƙonni na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar 'yan kilomita ne kaɗan. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Tun kafin a shata iyaka, wannan ƙasa mahaɗa ce tsakanin Adar da Gobir da babbar fadamar Rima. Buzaye na gangarowa daga arewa da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa da dabino, su koma da gero da dawa da tufafi. Fulani na ratsawa da shanu, matansu na shigo da nono da man shanu cikin garuruwa. Fatake kuma na haɗa ayari su nufi Gwanja neman goro, tafiyar da kan ci watanni masu yawa kafin mutum ya sake ganin ƙofar gidansa.

Duk wanda zai yi irin wannan tafiya dole ya san abin da zai ci a inda babu kasuwa, wani lokaci ma babu itacen hura wuta. Daga nan kalmar guzuri ta samu nauyinta. Guzuri ilimi ne na sanin abin da zai jure rana da kwanaki, da abin da zai ruɓe kafin a ya da zango na biyu. Matan gida su ne malaman wannan ilimi, su suke haɗa wa matafiyi gumba da dakuwa da ƙuli-ƙuli da busasshen nama, kuma da wannan sanin suke tafiyar da madafarsu ko babu mai tafiya.

Iyakar da ake gani yau baƙuwa ce. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone garin, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin zagayen mil 100 daga Sakkwato, amma Faransawa suka matsa suna neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka ja layin da ya bar Ƙonni a hannun Faransa, aka kafa alamomi a shekarun da suka biyo baya. Tun daga lokacin, abincin gidajen wannan yanki ya rataya a kan abu biyu da ba su a hannun mai gida: ruwan sama da ƙofar iyaka.

Hikimar rumbu

Tushen tanadin gargajiya shi ne rumbu. Gero, wanda Sakkwatawa ke kira hatsi kawai saboda matsayinsa, ba a sussuke shi gaba ɗaya bayan girbi. Ana ɗaure shi dami-dami, a shigar da shi rumbu yana cikin zangarniyarsa, rumbun kuma a ɗora shi a kan duwatsu don ya tsira daga danshi da gara. A haka gero kan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Masu karatu za su tuna cewa irin wannan shawara ce Annabi Yusuf, alaihis salam, ya bai wa mutanen Masar a shekarun wadata.

Abin lura shi ne yadda ake fitar da shi. Mai gida kan fitar da dami gwargwadon bukatar 'yan kwanaki. Mata su sussuka, su sheƙe, su ajiye tsaba. Daga tsabar ake ɗibar ta kullum a surfa, a wanke, a daka. Wannan jeri yana da dalili da kimiyya ta tabbatar daga baya. Ƙwayar gero tana da maiƙo fiye da shinkafa ko alkama, kuma da zarar an niƙa ta maiƙon ya haɗu da iska, sai garin ya fara ɗaci da warin tsufa cikin kwanaki kaɗan, musamman a lokacin zafi. Ke nan hatsi a zangarniya na shekara ne, tsaba ta watanni ce, gari na mako ne, tuwo kuwa na yini ɗaya. Gwargwadon kusantar abinci da baki, gwargwadon gajartar ransa. Wannan ita ce ƙa'idar da aka gina madafar Hausa a kanta, kuma ita ce shawarar zamani ta dafa abincin mako ta juya kanta ƙasa.

Rana, tsami, mai da gishiri

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna bukatar ruwa da ɗumi. Magabata ba su san sunayensu ba, amma sun gano hanyoyin hana su sakat.

Hanya ta farko ita ce rana. Kuka da kuɓewa da karkashi da zogale da yakuwa da rama duk ana shanya su a lokacin da suke da araha, a daka, a adana. Tumatir a yanka shi a busar ya zama kauɗa. Ganyen albasa a kirɓa a dunƙule a busar ya zama gabu, wanda har gobe ake ji da shi a miyar Sakkwato da ta Nijar. Ba abin mamaki ba ne, domin yankin gidan albasa ne: garin Galmi da ke gabas da Ƙonni shi ya ba da sunansa ga jar albasar da ta yi suna a Afirka ta Yamma, manoman fadamar Kalmalo da kewaye kuma sun daɗe suna noman rani. Kilishi ma ɗan rana ne: a fere nama siriri, a shanya, a tsoma a cikin labu na tunkuza da yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta.

Hanya ta biyu ita ce tsami da ruɓarwa mai amfani. Madarar da aka tatsa da safe ba ta kai yamma a wannan zafi, amma idan ta kwana ta zama nono, tsaminta kan hana yawancin miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Haka gasarar koko, haka tuwon da aka tuƙa da ruwan tsamiya, wanda ya fi jure kwana. Daddawa kuwa, ko ta kalwa ko ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, tana watanni, kuma ban da ɗanɗano tana ƙara wa miya sinadarin gina jiki. Jiƙa hatsi da tsimama shi yana da wata fa'ida da ba a gani: yana rage sinadarin da ke ɗaure ƙarfen da ke cikin gero, sai jiki ya fi samun abin ƙara jini.

Hanya ta uku ita ce suya da gashi har ruwa ya ƙone. Naman layya da aka soya ƙarau aka bar shi cikin kitsensa, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da hoce na dawa da ake gasawa a ƙasar Sakkwato da Zamfara, duk a wannan layi suke. Ta huɗu ita ce gishiri da kanwa, waɗanda darajarsu ta sa raƙuma suka riƙa keta sahara dominsu.

Idan aka duba da kyau, za a ga ba dafaffen abinci ake ajiyewa ba. Abin da ake ajiyewa shi ne kayan haɗi waɗanda aka riga aka yi musu aikin wahala. Macen da ke da garin tuwo da garin kuka da daddawa da gabu da yaji a shirye, cikin ƙasa da awa ɗaya za ta sauke tuwo da miya mai zafi.

Shekarun da rumbu ya yi magana

Darajar tanadi ba ta bayyana sai ranar tsanani. A 1913 ruwa ya ɗauke a faɗin ƙasar Hausa, a 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi suka riƙa kira Kakalaba. Masanin nan Michael Watts, wanda ya wallafa bincikensa kan yunwa a Arewacin Najeriya a 1983, ya nuna cewa fari kaɗai bai isa ya bayyana girman bala'in ba. Harajin da Turawa suka ɗora, wanda sai da kuɗi ake biya, ya tilasta wa manoma sayar da hatsi da kaka lokacin da ba ya da daraja, sai rumbunan da a da ke riƙe abincin shekara biyu suka wayi gari ba komai. Farin 1973 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi, ya koro dubban mutane daga arewa zuwa garuruwan bakin iyaka. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, kuma abin ya zo daidai da wani mummunan fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El Buhari. A 2005 ma ƙarancin abinci ya tsananta a jihohin Maraɗi da Tawa, aka cika cibiyoyin jinya da yara masu tamowa.

Na baya-bayan nan kowa ya shaida. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta Illela a watan Disamba na 2020. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, watanni biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka ruɓe a hanya, farashin abinci ya tashi. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, gidan da ke da busasshen tanadi ya fi samun numfashi a kan gidan da ke cefanen kullum da kuɗin kullum. Kuma a kowane lokaci waɗanda suka fara jigata su ne yara ƙanana da masu juna biyu da marasa lafiya. Asibitin yara masu cutar nan da likitoci ke kira noma, mai cinye naman baki da fuska, wanda aka buɗe a Sakkwato a 1999, shaida ne a kan abin da rashin abinci mai gina jiki ke buɗe wa ƙofa.

Abin da zamani ya shigo da shi

Ƙarni na ashirin ya sauya madafa. Injin niƙa ya sauke wa mata nauyin daka, wanda alheri ne babba, amma ya sa ana niƙa gari mai yawa a ajiye har ya tsufa. Farar shinkafa da taliya da burodi suka ture gero daga kwanon birni. Dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa, alhali kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Suga ya shiga fura da koko da shayi. Firji ya zo, amma wutar da zai dogara da ita ba ta tsaya ba. A daidai wannan lokaci ne hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake ɗauka ciwon masu kuɗi ne, suka zama baƙin kowane gida.

Zamani ya kuma kawo gyara na gaske. A shekarun 1990 wani malami a jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya tukunyar ƙasa cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta Illela, tana ƙara wa tumatir da tattasai da ganye kwanaki. Haka nan tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ciki uku na PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Yana toshe iska, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Inda tsohon tsari ke bukatar gyara

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba duk abin da aka gada ne ya kuɓuta daga illa ba. Akwai wurare biyar da ilimin likita ya haska.

Na ɗaya, hunhuna. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, binciken da ya biyo baya ya gano gubar da ake kira afulatoksin, wadda wani nau'in hunhuna ke fitarwa a gyaɗa da masara. Wuta ba ta kashe ta. Tana taruwa ta lalata hanta, haɗarinta kuma ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, tana kuma daƙile girman yara. A 2004 ta kashe mutane sama da 100 a Kenya ta hanyar masara. Saboda haka a tsince gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta motse ko ta sauya launi ko take ɗaci a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Na biyu, maganin ƙwari. Zuba maganin feshi a cikin wake don hana shi ɓurma ya jawo asarar rayuka, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhu mai ciki uku, ko jarka mai murfi da aka cika maƙil aka toshe, sun wadatar.

Na uku, wurin shanya. Abin da aka baza a ƙasa ko a gefen kwalta yana kwasar ƙura da kashin dabbobi da fitsarin ɓera, kuma ta ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. A shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu. Ganye kamar zogale a busar da shi a inuwa mai iska, domin rana kai tsaye tana cinye masa sinadarai.

Na huɗu, ɗanyar madara da ruwan dama fura. Tsami ba ya kashe dukkan cututtukan da ke fitowa daga shanu, irin su tarin fuka na dabbobi da zazzaɓin da ke sa ɓari a garke. A tafasa madara kafin a kwantar da ita. Ruwan da za a dama fura ko a sa ƙanƙara ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa sinadarin tsarkakewa, musamman da damina. Annobar kwalara ta 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ta fi yin ɓarna a jihohin Arewa.

Na biyar, gishiri da kanwa. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da na dunƙule da na kanwa da na kilishi.

Mako guda daga Lahadi zuwa Lahadi

Babbar kasuwar Illela ran Lahadi take ci, ta Ƙonni kuma ran Laraba. Wannan tsohon tsari ya raba mako gida biyu, kwana uku da kwana huɗu, kuma ya yi daidai da abin da masana tsabtar abinci ke faɗa, cewa dafaffen abinci ko a firji mai aiki kada ya wuce kwana uku zuwa huɗu. Ko a wane gari mutum yake, yana iya ɗaukar wannan ma'auni: babban shiri sau ɗaya a mako, ƙaramin cefane a tsakiya.

Ranar babban shiri a yi aikin busassun kaya. A surfa gero ko dawa sama-sama yadda ba za a raba shi da dukkan dusarsa ba, a wanke, a busar sosai, a niƙa na mako ɗaya tak. A ɓarza tsaki don fate ko dambu. A haɗa garin ɗanwake. A tsince wake a auna na kowace rana. A daka kuka da busasshiyar kuɓewa, a tankaɗe. A haɗa garin miya na daddawa da gabu da citta da masoro da busasshen kifi, wanda zai ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule. Kowanne a zuba shi a mazubi busasshe mai murfi, a ɗora a sama, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Ga gidan da ke da yaro daga wata shida zuwa sama, ko majinyacin da ya rame, a haɗa garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Garin ne ake ajiyewa. Kunun kuwa a dama shi sabo a kowane ci, da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba.

Ɗanyun kaya, wato tumatir da tattasai da alayyafo da karas da kabewa, a saya na kwana uku, a sa a tukunya mai cikin yashi. Nama ko kifi a dafa shi ranar da aka saye shi, ko a soya shi ƙarau, ko a mayar da shi dambu.

Game da dafaffen abinci, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a sarari take: ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, don haka kada abinci ya wuce awa biyu a ajiye bayan an sauke. Mai firji ya raba miya a ƙananan mazubai don ta yi saurin hucewa, ya rubuta ranar dafawa, ya ɗumama abin da za a ci kawai har ya tafasa, kuma sau ɗaya. Idan wuta ta ɗauke sama da awa huɗu, dafaffen abincin da ke cikin firji ya shiga shakka, wari ko ɗanɗano kuma ba sa nuna gaskiyar lamari. Wanda ba shi da firji ya dafa daidai cikin gida. Ɗumamen safe al'ada ce da ba za ta gushe ba, to a tabbata tuwo da miya sun tafasa har ciki, kuma kada a bai wa jariri ko mai juna biyu ko majinyaci mai rauni. Shinkafar da ta kwana a waje ita ce mafi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashewa.

Kason majinyaci

Mai ciwon suga ya fi kowa cin moriyar shiri, domin tsallake abinci bayan shan magani ko yin allura na iya faɗar da sugansa. A auna masa malmala madaidaiciya, miyar ganye ta fi tuwon yawa, a yawaita wake da zogale. Fura abinci ce mai nauyi, a dama ta ba suga, a ƙidaya ta a matsayin ci guda. Inda babu firji, tukunyar ƙasa mai sanyi tana taimakawa wajen kare allurar insulin daga zafi, amma a nemi bayanin mai ba da magani. Mai hawan jini a ɗebar masa miyarsa kafin a sa gishiri da dunƙule, a nisanta shi da kanwa da yawan kilishi. Mai ciwon ƙoda kuwa kada a ɗora shi a kan kowane tsari, ko da na ganye da wake ne, sai da iznin likitansa, saboda akwai abinci masu amfani ga kowa da ke cutar da shi.

Aikin nan ba na mace kaɗai ba ne. A tsarin da aka gada, mai gida ne ke riƙe da rumbu, shi ke auna abin da zai kai iyali wata kaka. Magajinsa na yau shi ne wanda zai ba da kuɗin cefanen mako a dunƙule, ya sayi gero da wake da kaka lokacin da suke da sauƙi, ya tanadi buhu da mazubai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, bai ɗauki kula da lafiyar jiki ƙaramin abu ba, har ya yi rubuce-rubuce kan magunguna da cututtuka irin su basir da ciwon ido. Ƙasar da ta gaji wannan ba ta rasa tushen da za ta tsaya a kai ba.

Tarihin Illela ya nuna cewa iyaka na iya rufuwa, ruwa na iya ɗaukewa, wuta na iya tafiya, amma garin kuka da wake da gero da daddawa ba sa jiran ɗayansu. A shirya kayan mako a bushe, a kiyaye su daga danshi da ɓera da maganin ƙwari, a ɗora tukunya kullum a ci da zafinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a rumbunanmu.